Buta a cikin kwalekwale

Duk wanda ya taɓa cire tarwaɗa daga kalli da hannunsa ya san abin da take bar masa. Yauƙi ne mai kauri da ke shiga tsakanin yatsu ya maƙale ƙarƙashin farce, ga ƙarni, ga jinin kifi, wani lokaci har da na mai hannun, don tarwaɗa tana da ƙaya a kafaɗunta biyu, kuma ba ta yarda a riƙe ta sai an sha fama. Ƙurungu ya fi ta sharri. Ƙayarsa uku ce, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kafe, ga su da haƙora kamar zarto. Idan ta shiga tsoka, fitarta ta fi shigarta ciwo.

Da wannan hannun ne masunci yake karya kumallo. Ya fito tun da jijjifi, ya bi kallinsa, ya duba mamarinsa ƙugiya bayan ƙugiya, hantsi ya yi, ciki ya fara kira. A gindin kwalekwale akwai ƙullin ƙosai ko ɗan goran fura. Abin da kusan kowa ke yi a nan shi ne ya miƙa hannu gefen jirgi, ya karkaɗa shi cikin tabki sau biyu, ya goge a cinyar wando, ya yi bisimilla.

Kawuna ba ya yin haka. Manomi ne, su a wurinsa aikin bayan girbi ne, lokacin da aka kai hatsi rumbu kuma tabkin da ke yamma da garinmu yana nan da ruwansa. Jirginsa bai wuce katako huɗu ba, an toshe ɓarakarsa da tsumma da kwalta, aikina a ciki shi ne kwarfe ruwa da ƙoƙo. Amma akwai abu ɗaya da ba ya shiga tabki sai da shi: butar roba cike da ruwan rijiya, ɗaure da igiya a jikin katakon zama don kada ta kife, da gutsuren sabulu a cikin gwangwanin tumatir da ya huda wa gindi. Idan lokacin cin abinci ya yi sai ya miƙo hannuwansa bisa gefen jirgi ya ce, "Zubo mini, ɗan nan. A hankali, ba rijiya gare mu a nan ba." Sai in karkata butar har ruwan ya fito siriri kamar zare. Ya jiƙa, ya murza sabulu, ya bi tsakanin yatsu, ya sa farce ya kankare ƙarƙashin farce, sannan in sake zubawa. Bayan ya gama sai ya karɓi butar ya zuba mini.

Abokan sana'arsa sukan zolaye shi da cewa ga mutum zaune a kan ruwa yana guzurin ruwa. Bai taɓa tanka musu ba. Na daɗe kafin in gane cewa cikin duk kayan da ke jirgin nan, butar ce ta fi tsare lafiyarmu.

Wanda ya san Tasawa da Mayahi zai iya mamakin a kawo zancen jirgi a nan. Ƙasar jigawa ce, ta hatsi da wake da gujiya da aya. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin biyu, kwari ne da ruwansa ya fi yawa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ido ke gani a cikinsa goruba ce da kabar da ta ba shi suna, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da ita. Ruwan sama wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Shi ne ke cika fadamu da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su zama tabkuna. Waɗansu ba sa ganin ƙarshen sanyi, waɗansu kan kai bazara. Gaiwa ta san da haka tun fil azal, shi ya sa in ruwa ya janye take nutsewa cikin laka ta lulluɓe kanta, ta jira damina. Sauran kifin, tarwaɗa da karfasa, sau da yawa ma'aikatan gandun daji ne ke kawo ƴaƴansu su zuba, kamar yadda ake yi a tabkuna masu yawa na Nijar don ƙara wa mutanen karkara abinci da kuɗin shiga. Babban su na jahar Maraɗi yana can kudu, a tabkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Wanda su ya shiga jininsa sosai, can yake nufa, ko ya wuce ci-rani madatsar Jibiya ko Tabkin Chadi.

Saboda haka jirgin da nake magana a kansa ƙarami ne ƙwarai, na mutum biyu, wani ma ba shi da jirgin sai babban gora da yake kifa ciki a kai yana iyo. Kuma ruwan da ke ƙarƙashinsa ba shi da gishiri, ba kamar na teku ba inda ɗanɗano kaɗai ya isa ya hana mutum kai shi baki. Namu ruwan daɗi ne, shi ya sa ake yarda da shi.

Abin da ya shiga tabki

Gulbi yana tafiya da abin da aka zuba masa. Tabki ba shi da mafita, abin da ya shiga ya zauna. Ruwan farko na damina shi ke share gari da daji: kashin dabbobi, juji, ruwan kwata, da bayan gidan da aka yi a bayan gari, duk su gangara wuri ɗaya. Daga nan shanu su shiga sha su tsaya a ciki har gwiwa, mata su yi wanki, yara su yi kurme, masu bulo su kwaɓa ƙasa a gefe. Rani na tafiya ruwa na raguwa, dattin na ƙara kauri. Kuma a daidai wannan lokacin ne kifi ke matsuwa wuri ɗaya ya yi sauƙin kamu, masunta su fi yawa a cikin ruwan. Watan da su ya fi albarka shi ne watan da ruwan ya fi muni.

A cikin garin Tasawa abin ya fi fitowa fili, domin tabkunan da ke tsakiyar unguwanni su ne makwararar gari. Tasawa ta ƙulla ƙawance da Conflans-Sainte-Honorine, wani gari na Faransa da ya shahara da matuƙan jiragen kogi, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da suka yi tare shi ne na tsabtar gari da gina masai. Masai a cikin gida kai tsaye yake shafar masunci, ko da bai sani ba: duk abin da bai fita bayan gari ba, ba zai zo ya same shi a tabki ba.

Na sha jin hujjar da ake kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. Ana cewa ai ruwan nan ana alwala da shi. Gaskiya ne. Wanda ya yi karatun zaure, daga Ahalari zuwa Risala, ya san cewa a mazhabar Malikiyya ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ko wani baƙon abu bai sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, kuma sauyin da ƙasar wurin ko lakarsa ta jawo ba ya ɓata shi. Wannan sauƙi ne ga matafiyi da makiyayi da masunci, don kada salla ta gagare su. Sai dai hukuncin yana magana ne a kan abin da ido da harshe da hanci ke iya ganewa, ƙwayar cuta kuwa ba ta da launi ba ta da wari. Ruwa yana iya halatta alwala kuma ya kwantar da mutum. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan, tunda su ne ke karantar da cewa bai halatta mutum ya cutar da kansa ba. Abin da na rasa ji shi ne a haɗa maganganun biyu a wa'azi ɗaya, a gaban mutanen da ke wuni cikin tabki. Da liman zai faɗa musu ranar Juma'a cewa ruwan da ya isa alwala ba lalle ya isa wanke hannun cin abinci ba, da ya yi aikin da allunan talla goma ba za su yi ba.

Mutanen jahar Maraɗi ba sa bukatar a kwatanta musu kwalara. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a gundumar Madarunfa, kusa da iyakar Jibiya, ta bazu zuwa wasu gundumomi. Kafin a shawo kanta ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar, mafi yawansu a jahar nan, ta kashe fiye da 70. A 2021 ta dawo da ƙarfin da ya fi haka, ta kama fiye da 5,000. Ba na cewa masunta ne suka kawo ta, kuma zalunci ne a ɗora musu. Abin da nake cewa shi ne hanyarta a san take: daga bayan gidan mai ciwo zuwa ruwa, daga ruwa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Mutumin da ke nesa da gaɓa, nesa da gidan likita, in amai da gudawa suka kama shi, yana iya bushewa cikin awowi kaɗan. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Maganin da zai yi wannan aikin da kuɗin gutsuren sabulu, da a kwalba yake da an yi layi a kansa.

Sai ciwon hannu. Sukar ƙurungu ko yankan igiyar mamari, in aka ci gaba da tsoma su cikin ruwan tabki, sukan kumbura su yi ruwa, wani lokaci su zama ɗan karkare. Masuncin da yatsansa ya kumbura ya bar su ke nan har mako biyu ko fiye, a tsakiyar kakar da ba ta wuce ƴan watanni ba. Wanke wurin nan take da ruwa mai kyau da sabulu shi ne matakin farko. In an isa gaɓa, tsoma hannun cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure yana kwantar da raɗaɗin dafin. In kumburi ya fara hawa hannu ko zazzaɓi ya biyo baya, to magana ta koma gidan likita.

Inda buta ba ta kai ba

Ba zan yi wa butar kirarin da ya fi ƙarfinta ba. Akwai cutar da ba ta hanawa, ita ce tsargiya. Tsutsarta ba ta bi ta baki. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwar da ke maƙale a ciyawar gefen tabki, ya hayayyafa a ciki, sannan ƴan tsutsotsin da ido ba ya gani su fito, galibi da rana tsaka, su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan. Mintoci kaɗan sun ishe su. Wanda ya wuni yana jan taru, ruwa har ƙirji, ba abin da ɗauraye hannu zai yi masa a nan. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a birnin Alƙahira tun 1851, amma har yau akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar balaga. A hankali take cin mafitsara da ƙoda, ta rage jini, a wurin mata ta taɓa mahaifa, kuma tana iya ƙarewa da kansar mafitsara.

Maganinta, praziquantel, yana aiki, kuma Nijar ta fara rabon sa ga jama'a tun 2004. Rabon ya fi bi ta makarantu, abin da ke da ma'ana tunda yara ne suka fi ɗauke da ita. To amma magidancin da ke kwana yana tashi a tabki fa? Shi ne ya fi kowa daɗewa cikin ruwan, kuma ranar da masu rabo suka zo gari yana can tsakiyarsa. Ya kamata a riƙa kai maganin har bakin tabki, da yamma, lokacin da jirage ke dawowa.

Akwai wani abu guda da ya kamata kowane masunci ya sani: ƴan tsutsotsin nan ba sa rayuwa fiye da kwana biyu in ba su sami jikin mutum ba. Ruwan tabki da aka ɗiba aka rufe a jarka ya kwana biyu ya rabu da su. Bai rabu da ƙwayar kwalara ba, wannan sai an tafasa ko an jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs. Amma ga wanda rijiya ta yi wa nisa, jarka biyu da ake juyawa, ɗaya na kwana ɗaya na aiki, da ƙwayar magani a ciki, sun fi miƙa hannu gefen jirgi nesa ba kusa ba.

Masu cewa mutanenmu ba sa sauya hali, su tuna da kurkunu. Dattawan Korgom da Urafan da Kanambakashe sun san yadda yake kwantar da manomi damina guda, ana naɗe tsutsa a tsinke kullum kaɗan-kaɗan. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke fama da shi a duniya. Ba allura aka samo ba, ba ƙwaya ba. Matata aka raba, da ɗan bututun tace ruwa da makiyayi ke ratayawa a wuya, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai kurkunu shiga tabki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Mutane sun sauya ne don an sa musu kayan aiki a hannu tare da maganar. Kuma labarin bai bar masunta ba: a Chadi, tun wajen 2012, an ga kurkunu yana kama karnuka a garuruwan masunta na kogin Shari, ana kuma danganta abin da hanjin kifin da ake watsar musu, shi ya sa ake roƙon a riƙa binne shi. Wanda ya je ci-rani can ya dawo, ya dace ya dawo da wannan al'ada.

Lissafin lita

Wanke hannu da buta, in mai zubawa ya iya, ba ya cin rabin lita. Mutum biyu, sau uku a wuni, butar lita 3 ta ishe su. Matsalar tana wajen ƙishirwa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga hasken rana na dawowa daga fuskar ruwa yana dukan ido, mutum ɗaya sai ya shanye lita 4 ko 5. In mazubi ɗaya ne na sha da na wanki, ƙishirwa ce za ta ci, kuma ba wanda zai ga laifinta. Dabarar kawu ita ce raba su: jarkar sha daban, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, buta daban, ba a kai ta baki. Jarkar man girki da aka wanke ta isa. Wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki kuwa, ko an wanke ta sau nawa, ba ta da wuri a jirgi ko a gida, kuma na ga ana amfani da irinta fiye da yadda zuciya za ta so.

A Zimbabuwe, cikin shekarun 1980, an ƙirƙiro wata ƴar dabara ta wanke hannu da gora mai ƙaramin huji da ake karkatawa, ruwa ya fito kaɗan-kaɗan. Daga baya ta koma jarka da igiya da sandar takawa, irin wadda aka gani a ƙofar makarantu da gidajen likita lokacin korona. Masuncin da ke shiga ruwa shi kaɗai, ba yaron da zai zuba masa, zai iya huda murfin gorar roba da ƙusa ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta ta fi babu.

Sai dai kowace lita da ta shiga jirgi, wani ne ya jawo ta. A arewacin Mayahi akwai rijiyoyin da sai an saki guga gaba 20 ko 30 kafin a ji ya taɓa ruwa, wasu sai da jaki ko sa ake ja. Inda akwai famfo kuma, kuɗi ake biya kan kowace jarka, a bi layi. Yawanci mace ce ke wannan aikin, ita ce kuma za ta ga an ɗebi ruwan girkinta an tafi da shi wurin da ruwa ya yi yawa. Wanda ya zo daga birni da fallayen hotuna yana koya wa masunta matakan wanke hannu, bai tambayi inda ruwan zai fito ba, ya yi rabin aiki ne, kuma rabin mai sauƙi.

A tsaya a bakin tabki da la'asar a kalli abin da ke faruwa in jirage sun iso. Mata masu suya sun kewaye, ana ciniki, ana zuba kifi a kwando. Nan take wasu za su durƙusa su fara gyara: a kankare ɓawo, a farke ciki, a ɗauraye. Da wane ruwa? Da na gefen tabki, inda ƙafa ta dama, inda shanu suka tsaya, wanda ya fi na tsakiya datti. Mai mai zafi zai kashe abin da ke jikin kifin, wannan ba shakka. Amma hannun da ya gyara ɗanye shi ne zai ɗauki soyayye, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, ya karɓi kuɗi, ya kuma ba jaririn da ke goye nono. Butar cikin jirgi tana tsare mutum biyu. Famfo ɗaya a wannan wurin zai tsare masunci da mai suya da ɗanta da mai saye a tasha.

Shi ya sa nake ganin duk lokacin da za a kashe kuɗi a zuba ƴaƴan kifi a tabki, a sa famfon bakin ruwa da masai a nesa da gaɓa cikin lissafin tun farko. Ƙananan hukumomi suna karɓar haraji a kasuwar kifi, masunta suna biyan kuɗin takardar izini. Ba roƙo ba ne in sun nemi a mayar musu da wani abu ta wannan hanya. A kuma auna ruwan kafin a buɗe. Jahar nan ta ga abin da ya faru a Tibiri, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid, da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Fitowa daga bututu ba ta isa shaidar ruwa ba.

Ranar 15 ga Oktoba ce ranar wanke hannu ta duniya, tun 2008 ake yin ta. A wurinmu ta faɗo daidai kaka, tabkuna cike, masunta na ɗinkin kalli suna toshe jirage. Kowace shekara a filin makaranta ake taron. Zan so in ga shekarar da za a yi shi a bakin tabki, a gayyato sarkin ruwa, wanda in ya ce ba a shiga ruwa yau ba mai shiga. Mutumin da ke da ikon buɗe su da rufe shi yana da ikon cewa jirgin da ba buta ba zai bar gaɓa ba, kuma za a ji maganarsa fiye da ta baƙo.

Kawu yakan rage ɗan ruwa a gindin butar, ko da ƙishirwa ta matsa. Na sukar ƙaya ne. Ranar da ƙurungu ya kama shi a gindin babban yatsa, da wannan ragowar muka wanke wurin, ya matse jinin ya fita, ya ɗaure da bakin rawaninsa, ya ce in karɓi sanda in tura mu gaɓa. Kwana uku ya yi bai shiga ruwa ba, a na huɗu ya koma. Cika butar kuwa aikina ne, kafin magariba, daga tulun inna, ita kuma takan tsaya a kaina har sai ta ga ban zubar da ko ɗigo a ƙasa ba.